Igwa da albarushi a ƙasar Damagaram, daga Tanimun zuwa ƴan bindigar Salla

Gabatarwa

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai mutanen da ke sayen igwa irin ta zamanin da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, su ajiye ta a gida, ranar hutu su ja ta zuwa fili su harba don nishaɗi kawai, kamar yadda wani a nan ke kiwon tattabaru ko dokin sukuwa. Da zancen ya taso a wani zaman ƙara wa juna sani, wani ɗalibi ya tambaya ko an taɓa yin irin wannan a ƙasar Hausa. Amsar ita ce a'a. Sai dai ba rashin igwa ne ya hana ba, domin a rabi na biyu na ƙarni na 19 an zuba igwa a Zindar, an haɗa albarushinta a Zindar, an kuma harba ta. Tambayar da ta fi dacewa ke nan ita ce: me ya sa igwa ba ta taɓa fita daga hannun sarauta ba, kuma me ya rage mata a yau?

Za mu dubi al'amarin daga kudancin Damagaram, wato yankin da Yekuwa take cikin gundumar Magarya, da maƙwabciyarta Dungas wadda aka ware daga Magarya a shekara ta 2011. Dalilinmu shi ne yawancin abin da aka rubuta bisa igogin Sarki Tanimun daga bakin fada aka ɗauko shi, ana jinjina wa mai igwa. Mutanen kudu kuwa su ne bakin igwar yake kallo.

1. Kafin Tanimun

Harshe da kansa ya nuna hanyar da kayan wuta suka biyo. «Bindiga» daga Larabci take, haka «albarushi», haka «harsashi», wanda asalinsa sunan dalma ne. Wato ke nan ta arewa da gabas aka fara sanin su, ta hannun fataken Tarabulus da Fezzan da mutanen Barno. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma yana da ƴan bindiga da Turkawa suka koyar, kamar yadda limaminsa Ibn Furtu ya rubuta. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nupe a zamanin Kumbari (1731-1743), ya kuma ce Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaron sarki.

Duk da haka, har bayan jihadi bindiga ba ta zama abin yanke hukunci a fagen daga ba. A 1826 Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Bello, dubun dubatar mutane, ta kai wa Gobirawa hari a Konya, amma bindigoginta ba su wuce arba'in da ƴan kai ba. Doki da mashi da kwari da baka su ne yaƙi.

Igwa kuwa ta fi haka ƙaranci. Labarin da ya fi fitowa sarai shi ne na Kukawa. Shehu Laminu al-Kanemi yana da ƴan igogi biyu na tagulla waɗanda ba su da abin ɗorawa, sai da Hillman, kafintan da ya zo tare da Denham, ya ƙera musu keken katako. An yi amfani da su a yaƙin Ngala da Bagarmi a watan Maris na 1824. Abin lura a nan shi ne igogin na Shehu ne, baƙo ya gyara su, kuma labarinsu ya fi aikinsu yawa. Sarakunan Damagaram a lokacin talakawan Barno ne, suna kai gaisuwa Kukawa, saboda haka sun san irin kwarjinin da igwa ke ƙara wa mai ita.

2. Tanimun da maƙeran Zindar

Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ne ya mayar da gidan sarautar Damagaram Zindar a farkon ƙarni na 19. Ɗansa Tanimun ya ɗan taɓa sarauta a farkon shekarun 1840, aka ture shi, ya dawo a farkon shekarun 1850 (wasu sun ce 1851, wasu 1854), ya zauna har rasuwarsa a 1884. Shi ya gina garun Birni, shi ya faɗaɗa ƙasa, shi kuma ya sa Damagaram ta zama mai gaisuwa da baki kawai ga Barno. Lokacin da Nachtigal ya sauka Kukawa a 1870, ya tarar fadar Shehu Umar tana cikin damuwa da ƙarfin wannan bara da ya fi ƙarfin ubangidansa.

Ruwayoyin da aka tattara a farkon mulkin Faransawa sun ba shi bindiga 6000 da igwa 40, kuma wannan adadi ne ya yi ta yawo daga littafi zuwa littafi. Wasu rubuce-rubucen sun tsaya kan igwa goma sha biyu. A ganinmu bai kamata a riƙe 40 ɗin da hannu biyu ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tarihin baka ya san arba'in lamba ce ta cika baki: kwana arba'in, bayi arba'in, ƴaƴa arba'in. Mai ba da labari yana nufin suna da yawa, sun fi na kowa. Batun yawan kuwa gaskiya ne, ko da goma sha biyun ne.

Ya kamata mu tsaya kan abin da zuba igwa ke bukata, saboda a nan ne amsar tambayarmu take.

Na farko, ƙarfe. Igwar zubi tagulla take ci, kuma tagulla ba ta fitowa daga ƙasar Damagaram. Ma'adinin Takadda da Ibn Battuta ya gani a 1353 ya daɗe da mutuwa. Jan ƙarfen ƙarni na 19 raƙuma ke kawo shi daga Tarabulus, ta Gadamas da Gat da Abzin da Damargu, ya sauka a unguwar Zango ta Zindar inda Buzaye da Larabawa ke sauke kaya. Ƙarfe ne mai tsada da ake saye don munduwa da likkafa da adon linzami. Igwa guda, ko ƙarama ce, ta cinye abin da zai yi wa mata masu yawan gaske ado. Talaka ba ya iya tara wannan, attajiri kuma ko ya iya ba zai binne jarinsa cikin abin da ba ya haihuwa ba.

Na biyu, sana'a. Ƙasar Hausa ta bambanta maƙeran baƙi, masu fartanya da takobi, da maƙeran fari, masu azurfa da tagulla. Maƙeran fari sun san zubi: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a narkar da kakin ya fita, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Amma tsakanin likkafa da igwa akwai tazara. Dole a narkar da ƙarfe mai yawa lokaci guda, a zuba shi bai huce ba, kuma duk kumfar iskar da ta maƙale a jikin ƙarfen, nan ne igwar za ta tsage ranar da aka cika mata ciki. A Turai tun ƙarni na 18, bisa dabarar Jean Maritz, an koma zuba igwa a dunƙule sannan a huda raminta da na'ura, don ya miƙe sosai. Maƙerin da ba shi da wannan na'ura dole ya zuba igwa da raminta tun farko, ramin kuwa ba ya rasa karkata ko kaushi. Sakamakon haka harsashi ba ya zama daidai da rami, ƙarfin albarushi yana zurarewa ta gefe, saiti ba ya tabbata, mai harbi kuma yana cikin haɗari kusan kamar wanda ake harbi. Wannan ba raina maƙeran Zindar ba ne. Abin mamaki shi ne sun yi ta, har da keken ɗora ta da harsasanta, da wutar gawayi da zuga-zugin fata.

Na uku, albarushi. Abu uku ake haɗawa: gawayi, da gishirin da ake tacewa daga ƙasar kufai da turken dabbobi, wanda Faransawa ke kira salpêtre, da farar wuta. Biyun farko ana samun su a gida. Farar wuta kuwa sai ayari ya kawo ta daga arewa, a zamanin da tsibirin Sisiliya ke ba duniya mafi yawan abin da take amfani da shi. Bindigar maharbi ɗan albarushi kaɗan take ci, igwa kuwa harbi guda nata ya ɗura bindigogi masu yawa. Saboda haka wanda ya riƙe bakin hanyar ayari shi ya riƙe albarushi, wanda ya riƙe albarushi shi ne mai igwa ta gaskiya. In wani hakimi ya sami igwa ba da yardar sarki ba, turmi kawai ya samu.

Sai batun masu harbi. Ƴaƴan sarauta ba su ɗauki bindiga abin mutunci ba. Namiji a wurinsu shi ne mai lifidi da sulke wanda ya kutsa da doki ya sari abokin gaba ido da ido. Bindiga tana baƙanta hannu, tana firgita doki, ana tsayawa a ƙasa a ɗura ta. Saboda haka bayi aka ba, wannan kuwa ya yi wa Tanimun daidai, don bawan sarki ba shi da dangin da zai jingina da su ya nemi gadon sarauta. A zamaninsa ne bayin sarki da bābānni suka hau manyan muƙamai. Malaman tarihi sun yi gardama a kan ma'anar wannan. Fisher da Rowland, a 1971, sun nuna cewa tasirin bindiga a yaƙe-yaƙen wannan yanki bai kai yadda ake zato ba. Smaldone ya ba su amsa a 1972, ya faɗaɗa ta a littafinsa na 1977, yana cewa daga wajen 1860 bindiga ta fara sauya tsarin mulki da kansa, tana tattara ƙarfi a hannun sarki da rundunar bayinsa. Mu dai muna ganin duka biyun suna da gaskiya game da Damagaram, amma kowa a fagensa: a fagen daga igwa ba ta kashe mutane da yawa ba, a fagen siyasa kuwa ta kashe bakin masu ja da sarki.

3. Yadda aka ji ta daga kudu

Magarya tana kimanin kilomita 90 kudu da Zindar. Yankin ba ƙasa ɗaya ba ce a ƙarni na 19. Ta gabas akwai ƙasashen Sosebaki, wato Mirya da Washa da Dungas, masu tsohuwar sarauta da ta girmi ta Zindar. Ta yamma da kudu kuwa akwai ragowar Daura ta Haɓe. Bayan da Malam Isiyaku ya ci Daura wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, suka yi ta sauya mazauni, Yekuwa tana cikin garuruwan da suka zauna. Daga baya gidan ya rabu, wani reshe ya kafu a Zangon Daura, wani a Ɓaure, wani a Magarya. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rabuwa a littafinsa na 1978 bisa Daura, André Salifou kuma ya duba ta daga ɓangaren Zindar a nasa na 1971. Abin da ya fito daga duka biyun shi ne waɗannan ƙananan sarautu sun tsira daga Fulani ne ta hanyar shiga inuwar wani, inuwar kuma a ƙarshe ta zama ta Damagaram.

To, mene ne igwa take yi wa gari irin waɗannan? In garun ƙasa ne mai kauri, kusan ba ta yi masa kome. Dunƙulen ƙarfe ko dutse yana nutsewa cikin jar ƙasa kamar an jefa tsakuwa a tulin gero. Ko Turawan Ingila, da igoginsu na zamani, ba su iya rusa garun Kano ba a watan Fabrairu na 1903, sai ƙofa suka nema suka fasa. Amma yawancin garuruwan kudu ba irin garun Kano gare su ba. Kafi ne na itace, da ganuwa, da sarƙaƙiyar ƙaya, da ƙofar katako. A nan igwa tana iya yin ɓarna, in har an kawo ta. Kawo ta ɗin shi ne aiki: ƙasa ce ta jigawa da rairayi, babu hanyar keke, da damina kuma ga fadamu da tafkunan Korama sun cika. Kowace igwa sai an ware mata mutane da dabbobin da za su ja ta, su ci, su sha, rundunar kuma ta rage sauri saboda ita.

Don haka muna ganin babban aikinta ƙara ne da labari. Mutumin da bai taɓa jin abin da ya fi tsawa ba, ya ji ta daga bayan kafi, ya ga hayaƙi ya rufe gabas, dawakin garinsu sun tsinke igiya, ba ya tsayawa lissafin mutum nawa ta kashe. Sarkin garin kuma, wanda ya taɓa zuwa gaisuwa Zindar ya ga igogi jere a ƙofar fada, ya riga ya yi nasa lissafin tun kafin a zo. Sau da yawa igwar da ba ta bar Birni ba ta fi wadda aka ja zuwa daji aiki, tun da sarakunan Sosebaki da na Daura suna aiko da gaisuwa, suna kawo dakaru in an yi shelar yaƙi, suna kuma karɓar wanda Zindar ta naɗa musu.

Akwai wani gefen da waƙoƙin fada ba su cika tsayawa kansa ba, wato wa ya biya kuɗin tagulla da farar wuta. Fataken arewa ba sadaka suke yi ba. Abin da suke karɓa shi ne fatu da gashin jimina da hauren giwa, da kuma bayi. James Richardson, wanda ya zauna Zindar a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda sarki ke fita hari kan garuruwan da ba su da nisa don ya sami bayin da zai biya bashin fatake. Tanimun ya gāji wannan tsari, ya kuma ƙara masa girma. Yankin da ya fi yawan jama'a da albarkar noma, wanda kuma yake kan iyaka da Kano da Kazaure da Daura ta Fulani, inda kullum ake iya cewa wane ya yi tawaye ko ya haɗa kai da abokan gaba, shi ne kudu. Ba mu ce kowace igwa da mutanen Yekuwa ko Dungas aka saye ta ba. Muna cewa ne ɗalibin da zai rubuta tarihin «masana'antar makamai ta Zindar», kamar yadda ake son kiranta yanzu da alfahari, ya kamata ya sa wannan a ma'auni. Abin da yake fasaha a Birni, haraji ne da fargaba a ƙauye.

4. Daga 1884 zuwa Tirmini

A shekarar da Tanimun ya rasu, 1884, wani masanin Faransa mai suna Paul Vieille ya gano albarushi marar hayaƙi, a watan Nuwamba kuma aka buɗe taron Barlin. Bayan shekara biyu Faransa ta fito da bindigar Lebel mai aiki da sabon albarushin. Wato a daidai lokacin da Zindar ta ƙware a kan baƙin albarushi, waɗanda za su zo cin ta sun fara barin sa.

Magadansa sun ci gaba da amfani da abin da ya bari. Bayan Sulaiman ɗan A'isha (1884-1893), Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano zamanin Sarki Alu Babba, sunayen Gezawa da Tattarawa kuma sun zauna a bakin mutane saboda waɗannan gwabzawa. Hanyar Kano daga Zindar ta kudu take bi, saboda haka garuruwan da muke magana a kansu su suka ciyar da rundunar, tafiya da dawowa.

Ranar 5 ga watan Mayu na 1898 aka kashe Kaftin Cazemajou da tafintansa Olive a Zindar. A ƙarshen watan Yuli na 1899 ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni ta kuma bar gawarwaki a duk inda ta bi, ta iso ƙarƙashin Pallier da Joalland da Meynier, bayan sojojinta sun kashe shugabannin nata biyu. Aka haɗu a Tirmini, yamma da Zindar. Faransawan suna da ƴan ɗaruruwan sojoji masu bindigar da ake ɗurawa ta baya, da igwa guda ta hawan dutse mai bakin milimita 80, wadda harsashinta ke fashewa in ya sauka. Joalland kansa hafsan igwa ne. Cikin yini guda aka gama. Kuran Daga ya fita daga Birni, aka kashe shi a watan Satumba. Faransawa suka gina barikinsu bisa duwatsun Zindar suka sa masa sunan Cazemajou, bayan samun ƴancin kai aka mayar da shi sunan Tanimun.

Iyakar da yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1906 ta tsara, wadda ayarin Tilho ya bi ya kafa wa alamu, ta raba gidan Daura biyu: Zango da Ɓaure suka faɗa hannun Ingila, Magarya da Yekuwa hannun Faransa. Tafintan wannan ayari, Landeroin, shi ya zauna da tsofaffi ya rubuta tarihin sarautun yankin, kuma daga irin waɗannan zama ne yawancin abin da muke maimaitawa bisa Tanimun ya fito, shekara ashirin da ƴan kai bayan rasuwarsa, daga bakin mutanen da aka ci da yaƙi suna tuna lokacin da su ke ci.

5. Abin da doka ta bari

Tun kafin a ci Zindar, yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta riga ta shata layi. Ta hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ya kama daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, ta bar musu bindiga mai ƙanƙara marar zare a rami da albarushin fatauci. Dokokin Afirka ta Yamma ta Faransa, da na Nijeriya ta Ingila, bisa wannan layi suka ginu: bindigar toka da izini, bindigar zamani ga wanda hukuma ta yarda da shi, igwa kuwa ta gwamnati ce kaɗai. Sokhna Sané ta bi tarihin waɗannan dokoki na ɓangaren Faransa a littafinta na 2008. Abin da za mu ƙara shi ne, game da igwa, Nasara bai ƙwace wa talaka kome ba. Daga hannun sarki ya karɓe ta, gwamnatocin bayan 1960 kuma suka gāje ta daga hannunsa.

Baƙin albarushi dai bai mutu ba. Ya zauna a hannun maharba, da bindigarsu ta ƙirar gida da ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga, ya kuma zauna a fada. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Salla a Kano ko Katsina ko Zazzau ko Daura ya san ƴan bindiga: suna tafe a ƙasa cikin ayarin sarki, su cika bindiga da albarushi ba harsashi, su saki gaba ɗaya har ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, yara su toshe kunne suna dariya. Wannan shi ne mafi kusa da abin da ɗalibinmu ya tambaya, kuma akwai nishaɗi a ciki ba shakka, akwai gwaninta da gasa tsakanin masu harbin. Amma ba sha'awar mutum ɗaya ba ce da ya sayi abinsa ya fita fili ranar da ya ga dama. Aiki ne na gado, yana da shugabansa, yana da ranarsa da wurinsa, ƙarar kuma sanarwa ce cewa sarki ya fito. Wato aikin da igwar Tanimun ta fi iyawa shi ne ya rage, an sauke shi daga tagulla zuwa bututun ƙarfe. Hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, kamar yadda ta sa wasan dawaki da albarushi na Maroko, tburida, a 2021.

A Amurka hanyar daban ce. Igwar da masu wannan sha'awa suka fi so ita ce ta yaƙin basasarsu na 1861-1865, musamman wadda ake kira Napoleon, ƙirar 1857: tagulla ce, raminta sumul, ta baki ake ɗura ta, bututunta kaɗai ya haura kilo 500, dawaki shida ke jan ta. Sa'ar igogin Tanimun ce ke nan. Bambancin shi ne an ƙera irinta fiye da dubu a masana'antu masu zaman kansu, da yaƙi ya ƙare kuma suka zama rarar kaya, aka jera su a dandalin garuruwa da maƙabartu. Ƙungiyar da ta fi shahara a wannan wasa, North-South Skirmish Association, an kafa ta a 1950, tana kuma shirya gasar harbin igwa a filinta kusa da Winchester cikin jahar Bajiniya. Dokar tarayyar ƙasar ta ɗauki makamin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da kwaikwayonsa mai ɗurin baki, a matsayin kayan tarihi, ta kuma yarda mutum ya sayi baƙin albarushi har kimanin kilo 23 don irin wannan amfani ba tare da lasisin tarayya ba, ko da yake jahohi suna da nasu ƙa'idodin. A can ma sai da igwar ta tashi daga aiki, hukuma ta daina tsoronta, sannan ta zama abin wasa. Amma ta sami masu kuɗin saye, da masana'antar da ke sayar da albarushi a gwangwani, da al'adar da ta ɗauki makami dukiyar mutum ce ba ta sarauta ba.

Shekarar da dokar Amurka ta zaɓa, 1898, ita ce shekarar da aka kashe Cazemajou. Bisa wannan ma'auni, duk igwar da maƙeran Zindar suka zuba wa Tanimun da Kuran Daga, da a ce ta tsallaka teku, tsohon kaya ce da ɗan kasuwa zai iya saye ya harba ranar Lahadi. A Magarya ko Yekuwa kuwa, wanda aka samu da ita yana ɗura mata albarushi, jandarma zai fara yi wa bayani.